Ɗan'uwa Lorens, Kukun da Ya Yi Sujada a Bakin Murhu

A cikin bayin Allah da tarihin ikilisiya bai manta da su ba, akwai wani wanda bai taɓa hawa bagadi ya yi wa'azi ba, bai kuma riƙe wani muƙami ba. Aikinsa girki ne da gyaran takalma. Sunansa na yanka Nikolas Herman, amma duniya ta fi saninsa da Ɗan'uwa Lorens.

An haife shi wajen shekarar 1614 a ƙauyen Herimenil, cikin yankin Loren, wanda yanzu yake gabashin Faransa. Yana ɗan shekara 18, a cikin hunturu, ya tsaya yana kallon wani itace da ya kakkaɓe ganyensa sarai, ya bushe kamar matacce. Sai ya tuna cewa ba da daɗewa ba itacen zai sake toho, ya yi fure, ya ba da 'ya'ya. Daga nan ne ya ga girman ikon Allah da tanadinsa, kuma wannan gani bai rabu da shi ba har tsufansa.

Ya shiga soja a lokacin Yaƙin Shekara Talatin da ya ɗaiɗaita Turai. A 1635 aka ji masa rauni a Rambabile, abin da ya bar shi da ɗingishi. Bayan ya bar soja ya yi barantaka a gidan wani babban ma'aji, inda shi da kansa ya shaida cewa hannunsa ba ya riƙe abu, kullum sai ya fasa wani kaya. A 1640 ya tafi Paris ya shiga gidan 'yan zuhudu na Karmel da ke titin Vaugirard, ya ɗauki wa'adi a 1642. Da yake ba shi da zurfin ilimi, ba a naɗa shi firist ba. Aka sa shi cikin 'yan'uwa masu hidima, aka tura shi kicin.

Abin lura shi ne, ba ya son girki ko kaɗan. Duk da haka ya yi shekara 15 yana dafa wa jama'ar gidan abinci, yana wanke tukwane, yana hura wuta, mutane da yawa suna kiransa lokaci guda kowa da abin da yake so. Shekarunsa 10 na farko a gidan kuma ba masu daɗi ba ne. Zunubansa na baya sun yi ta damunsa, har ya yi shekara 4 yana ganin kamar shi hallakakke ne. Abin da ya fitar da shi daga wannan duhu shi ne shawarar da ya yanke, cewa ko mene ne zai same shi, zai yi kowane abu saboda ƙaunar Allah kawai.

Hanyarsa ba ta da wuyar ganewa. Kafin ya fara aiki yakan roƙi Ubangiji taimako. Yana cikin aikin yakan riƙa magana da shi a zuci, kamar yadda ɗa yake yi da ubansa. In ya gama sai ya duba yadda ya yi: idan da kyau ya yi godiya, idan ya yi kuskure ya nemi gafara ya ci gaba, ba ya zama yana cin kansa. In hankalinsa ya tafi wani wuri, sai ya komo da shi a hankali. Da haka har ya kai ga lokacin aiki da lokacin addu'a suka zama ɗaya a gare shi. Juya ƙwai a kasko, ko ɗauke tsinke daga ƙasa, duk ya ɗauke su hidima ce, domin a ganinsa Allah yana duba ƙaunar da aka yi aiki da ita fiye da girman aikin. Mai karatu zai ga cewa wannan ba baƙuwar koyarwa ba ce, ita ce manzo Bulus ya ba bayi a Kolosiyawa 3:22-24.

An taɓa aikensa Bagandi sayen ruwan inabi domin gidan. Ga shi bai iya ciniki ba, ga gurguwar ƙafa, har a cikin jirgin ruwa sai dai ya mirgina bisa gangunan kafin ya kai inda yake so. Ya miƙa wa Allah tafiyar a matsayin aikinsa, kuma aka gama lafiya. Da ciwon ƙafar ya tsananta, sai aka mai da shi wurin gyaran takalman 'yan'uwa.

Wani zai ce ai ɗan Katolika ne, zaman zuhudu kuma ba tafarkinmu ba ne. Gaskiya ne, akwai bambanci tsakaninmu. Amma John Wesley bai ƙi karanta shi ba, ya kuma sa mabiyansa su karanta. Mu ma a ikilisiyoyinmu mun saba girmama mai riƙe makirufo, mu manta da mai share majami'a da asuba, da matan zumunta da suke kwana a bakin murhu lokacin babban taro, waɗanda sau da yawa ko wa'azin ba sa samun ji. Na sha jin irin waɗannan suna cewa su ba su da baiwa. Wannan magana kuskure ce, kuma mu shugabanni muke da alhakin gyara ta.

Salamar da ake gani a fuskar wannan kuku ta sa mutane suka fara nemansa, har da manyan malamai kamar Fenelon. A 1666 da 1667 wani firist mai suna Joseph de Beaufort ya zauna da shi sau 4, ya rubuta abin da suka tattauna. Ɗan'uwa Lorens ya rasu ranar 12 ga Fabrairu, 1691, yana da shekara wajen 77. A 1692 de Beaufort ya buga wasiƙunsa da 'yan rubuce-rubucensa, a 1694 kuma ya fitar da hirarrakin. Waɗannan ne aka haɗa suka zama ɗan littafin nan da masu karatun Turanci suka sani da suna The Practice of the Presence of God, wato sabawa da zama a gaban Allah.