Vasily Grossman: Ɗan jaridar da gwamnatin Sobiyet ta ƙyale, ta tsare littafinsa

A zamanin Stalin, marubucin da ya ɓata wa hukuma rai a Tarayyar Sobiyet ya san abin da ke jiransa. Mawaƙi Osip Mandelstam a sansanin fursuna ya rasu a 1938, Isaac Babel kuwa harbe shi aka yi a 1940. Abin da ya sami Vasily Grossman ya sha bamban. A watan Fabrairun 1961, shekara takwas bayan mutuwar Stalin, jami'an hukumar tsaro ta KGB sun shiga gidansa a Mosko, suka kwashe littafin da ya yi kusan shekara goma yana rubutawa, har da takardun kabon da zaren tawadar keken rubutu. Shi kansa ba su taɓa shi ba.

An haifi Grossman a ranar 12 ga Disamba, 1905, a Berdichev da ke Yukren, garin da a lokacin yawancin mazaunansa Yahudawa ne kamarsa. Ya karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Mosko, ya yi aiki a yankin ma'adinan kwal na Donbas. A 1934 wani gajeren labarinsa a kan garin haihuwarsa ya burge Maxim Gorky, uban marubutan ƙasar a wancan zamani, daga nan ya rungumi alƙalami.

Zama marubuci a Sobiyet yana nufin shiga Ƙungiyar Marubuta, wadda ke raba gidaje da kuɗi da damar wallafa littafi. Akwai kuma hukumar tace rubuce-rubuce mai suna Glavlit, da aka kafa a 1922, wadda sai da hatiminta ake buga kowane shafi. Grossman ya shiga ƙungiyar, ya ci moriyarta, ko da yake bai taɓa zama ɗan jam'iyyar Kwaminis ba. A 1937, lokacin da ake ta kame da kisa, sunansa ya fito cikin masu sa hannu a wata wasiƙar haɗin gwiwa da ke goyon bayan hukuncin kisa ga waɗanda ake zargi da cin amanar ƙasa. Amma a shekarar da ta biyo baya, da aka kama matarsa Olga saboda tsohon mijinta da aka riga aka tsare, ya ɗauki riƙon 'ya'yanta maza biyu, ya kuma rubuta wa Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki, yana neman a sake ta. Mutane da yawa sun salwanta a kan abin da bai kai wannan ba. An sake ta.

Da Jamus ta kai wa Sobiyet hari a watan Yunin 1941, Grossman ya zama wakilin jaridar sojoji ta Krasnaya Zvezda, wato Jan Tauraro. Ya yi kwana sama da 1,000 a bakin daga. Ya zauna da mayaƙa a Stalingrad, ya bi rundunar har Berlin a 1945. A 1944 ya isa Treblinka da ke Poland, ya tattara bayanan waɗanda suka tsira da na mutanen yankin, ya rubuta ɗaya daga cikin rahotannin farko a kan sansanin kisan 'yan Nazi. An yi amfani da rahoton a shari'ar Nuremberg.

Yaƙin ya bar masa tabon da bai warke ba. Mahaifiyarsa tana Berdichev lokacin da Jamusawa suka ci garin, kuma tana cikin dubban Yahudawan da aka harbe a watan Satumban 1941. Ya rayu yana zargin kansa da cewa bai ɗauko ta zuwa Mosko da wuri ba.

Tun ana cikin yaƙin, shi da Ilya Ehrenburg sun shirya wani kundi mai suna Baƙin Littafi, wanda ya ƙunshi shaidu a kan kisan Yahudawa a yankunan da Jamus ta mamaye. Gwamnati ba ta so a ware Yahudawa daga sauran mamata, ba ta kuma so a ambaci 'yan ƙasa da suka taimaka wa 'yan Nazi. A 1947 aka hana buga kundin. Wani littafinsa a kan Stalingrad ya fito a mujallar Novy Mir a 1952, bayan an tilasta masa yi masa gyara sau da dama, duk da haka jaridar Pravda ta yi masa kaca-kaca a watan Fabrairun 1953. A daidai wannan lokaci ake ƙulla wa wasu likitoci, yawancinsu Yahudawa, sharrin shirya kashe shugabanni. Aka tara fitattun Yahudawa domin su sa hannu a wasiƙar la'antar likitocin, Grossman ya sa. Stalin ya mutu a watan Maris, aka saki likitocin, wasiƙar ma ba a buga ta ba, amma kunyar abin ba ta bar shi ba.

Wannan kunya ta shiga babban littafinsa, Rayuwa da Ƙaddara. A cikinsa wani masanin kimiyya mai suna Viktor Shtrum ya jure tsangwama, amma da ya samu tagomashin Stalin sai ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce. Littafin ya jera sansanonin Hitler da na Stalin kusa da juna, ya nuna yadda gwamnatocin biyu suka mai da ɗan Adam abin amfani. Babu wani marubucin da ke zaune a cikin ƙasar da ya taɓa zuwa nan.

Jawabin da Nikita Khrushchev ya yi a 1956 yana tona laifuffukan Stalin ya sa Grossman ya ɗauka lokaci ya yi. A 1960 ya miƙa littafin ga mujallar Znamya. Editocin, waɗanda marubuta ne 'yan uwansa, suka yi taro suka yanke cewa littafin na adawa da Sobiyet ne, kuma maganar ta isa kwamitin ƙoli na jam'iyya tun kafin ta kai teburin Glavlit. Hukuma ba ta manta da Boris Pasternak ba, wanda littafinsa ya fita a Italiya a 1957 ya kuma jawo masa kyautar Nobel a 1958. Ɗaure sanannen ɗan jaridar yaƙi zai tayar da ƙura a duniya, ƙwace takardu kuwa ba mai ji.

A 1962 Grossman ya rubuta wa Khrushchev yana neman a saki littafinsa. Mikhail Suslov, mai kula da aƙidar jam'iyya, ya gana da shi, ya shaida masa cewa ba za a mayar da shi ba, balle a buga. Abokinsa Semyon Lipkin ya ruwaito cewa an ambaci ɗaruruwan shekaru kafin littafin ya ga rana. Grossman ya ci gaba da rubutu ba tare da tsammanin bugu ba, ciki har da wani ɗan littafi da ya bayyana yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane a Yukren a 1932 da 1933. Ciwon daji ya yi ajalinsa a ranar 14 ga Satumba, 1964, yana da shekara 58.

Abin da KGB ba ta sani ba shi ne, kafin zuwanta ya riga ya ɓoye kwafi biyu, ɗaya a wurin Lipkin, ɗaya a wurin wani abokinsa na ƙuruciya. A tsakiyar shekarun 1970, marubuci Vladimir Voinovich, da taimakon masanin kimiyya Andrei Sakharov, ya ɗauki hotunan shafukan a ƙaramin fim, aka fitar da su ƙasar waje a asirce. An buga littafin a Lausanne ta Suwizalan a 1980. Mujallar Oktyabr ta wallafa shi a Mosko a 1988, zamanin Mikhail Gorbachev, shekara uku kafin Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Takardun da aka kwashe daga gidansa sun ci gaba da zama a hannun jami'an tsaro har 2013, lokacin da hukumar FSB, magajiyar KGB, ta miƙa su ga ma'ajiyar adabi ta ƙasar Rasha.