SARAUNIYA MANGU TA LUGU

A wagga fitowa mun kawo muku labarin Sarauniya Mangu, matar da ta ƙi buɗe ma sojan Faransa hanya a shekarar 1899. Sunanta ya gama Nijar, har yaran lakwal sun san shi. Amma abin da yawancin mutane sunka riƙe game da ita daga littafi da sinima ya fito. Akwai abin da ke cikin takardun Faransawa, akwai kuma abin da mutanen garinta sunka adana a baki, kuma malaman jami'a sun daɗe suna gwama su.

GARINTA DA SARAUTARTA

Lugu ƙauye ne cikin ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi. Mutanensa Azna ne, sun tsaya kan addinin kakanni ko bayan jihadin 1804 da ya sauya garuruwa da yawa na ƙasar Hausa. Sarauniya sunan sarauta ne, mata da dama sun riƙe ta kafin Mangu, wasu kuma sun gaje ta. Tarihin baka na Lugu ya ce sarauniyar farko daga Daura ta taso, tana ɗauke da wani dutse mai suna Tunguma, wanda ake zuwa wurinsa a yanke shari'a in magana ta gagara tsakanin mutum biyu.

Aikin Sarauniya shi ne riƙon ƙasa. Ita ke kula da safi, da roƙon ruwan sama, da albarkar gonaki, da sulhu tsakanin dangi. Zamanta cikin ɗakinta ne, tana kaɗin abawa, jama'a na zuwa suna kawo kukansu. Ba a gadon sarautar daga uwa zuwa ɗiya kai tsaye. In Sarauniya ta rasu akan ɗauki gawarta, wadda makara ta nufa cikin matan gidan ita ce magajiya. Wannan al'ada ita ake kira tarkama. Ta wagga hanya Mangu, wadda anka haifa cikin ƙarni na 19, ta hau.

ABIN DA YA KAWO YAƘI

Asalin abin daga Turai yake. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Ingila da Faransa sunka shiga rabon ƙasashenmu bisa takarda. Ranar 14 ga Yuni 1898 sunka sa hannu a wata yarjejeniya a Paris, anka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka bar ma Ingila cikinta, Faransa kuwa ta samu arewa, inda rijiyoyi ke da wuya. Babu manomi ko sarki ɗaya na wagga ƙasa da anka tambaya.

Faransa na son haɗa mulkinta daga kogin Kwara har tabkin Cadi, sai ta tura runduna a ƙarƙashin Kaftin Bule da Kaftin Shanuwan. Shi Shanuwan ɗan wani janar ne wanda ya riƙe ministan yaƙi a 1898. Turawan rundunar ba su kai 10 ba. Sauran sojoji baƙar fata ne da 'yan dako da anka tilasta, jimillarsu ta doshi mutum 2000. Ba a ba su guzurin da zai ishe su ba, saboda haka abincinsu da ruwansu daga garuruwan hanya za su fito, da yarda ko da bindiga. Tun watan Janairu 1899 sunka fara ɓarna a Sansane Hausa, bakin kogi, inda sunka kashe mutum 101. Duk garin da sunka ci, sukan kwashe hatsi da dabbobi, su kama mata su raba ma sojoji a matsayin lada.

Wanga labari ya riga su isowa Arewa. Kowane gari sai ya zaɓa: ya miƙa wuya, ya gudu daji, ko ya tsaya. Wasu sarakuna sunka ga babu dabara sai a karɓi baƙin, don kibiya ba ta ja da igwa. Ba mu da bakin zarginsu, su ma rayukan talakawansu sunka duba. Lugu kuwa ta tsaya. Jowalan, ɗaya daga hafsoshin rundunar, ya rubuta daga baya cewa Sarauniya ta aiko musu da saƙo mai zafi tana hana su wucewa.

RANAR LUGU

Ranar 16 ga Afrilu 1899 anka gamu. Mazajen Lugu da na ƙauyukan kewaye sunka fito da kwari da baka da masu. Wutar bindiga ta maida su baya, sai sunka shige cikin kurmin ƙaya da ke kusa da garin, inda sunka riga sunka ɓoye mata da yara. Can cikin sarƙaƙiya bindiga ba ta ganin nesa, sojoji sunka sha wuya ƙwarai kafin su fid da su. Bisa lissafin Faransawa da kansu, an kashe musu mutum 4, an jikkata 6, kuma ba su gamu da turjiya irin wagga ba tun tasowarsu daga kogi. Mutanen Lugu da sunka faɗi sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, an kuma ƙone garin. Amma ba a kama Sarauniya ba. Bayan rundunar ta wuce, waɗanda sunka tsira sunka komo sunka sake gina garinsu, sarautar kuma ba ta yanke ba har zuwa zamaninmu.

ƘARSHEN BULE DA SHANUWAN

Daga Lugu sunka nufi gabas. A watan Mayu sunka afka ma Birnin Ƙwanni, sunka yi kisan da har yau ba a manta ba. Sai dai wani hafsa mai suna Peto, wanda Bule ya kora, ya rubuta wasiƙa gida yana bayyana ta'asar, maganar ta kai kunnen gwamnati a Paris. Anka turo Kanar Kulob daga Tumbutu ya karɓi rundunar. A hanya ya tarar da garuruwa ƙonannu da rijiyoyi cike da gawa. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Bule ya sa anka harbe Kulob, ya kuma shaida ma mutanensa cewa ya fita daga hannun Faransa, zai kafa daular kansa. Sojojinsa sunka juya musu baya, sunka kashe Shanuwan ranar 16, Bule ranar 17. Kaburburansu na Maijirgi. Wata 3 kacal ke tsakanin ranar Lugu da ajalinsu, shi ya sa mutanen Arewa da yawa ke cewa bakin Sarauniya ne ya bi su.

Mutuwarsu ba ta tsai da mamaya ba. Sauran hafsoshin sunka ci gaba, sunka ci Damagaram a ƙarshen Yuli 1899, sunka kai Cadi, inda anka kashe Rabe a Kusuri a 1900.

YADDA SUNANTA YA DAWO

A takardun Faransawa Mangu ba ta samu fiye da 'yan layuka ba, can ma tsohuwar matsafiya anka kira ta. Shekaru da dama labarinta bai wuce Arewa ba. A 1980 Abdullai Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba, ya fid da littafinsa Sarraounia da Faransanci. A 1986 Med Hondo ya maida shi sinima, an ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar Fespako a Wagadugu a 1987. Littafin ƙagaggen labari ne. Ya nuna ta budurwa jaruma mai jan baka a gaban mayaƙa, don Mamani na son bai wa Nijar gwarzuwar da kowa zai yi alfahari da ita.

Masu bincike sun bi sawu daga baya. Littafin Lougou et Saraouniya na 2007, wanda Boubé Namaïwa na cikin marubutansa, ya tattara maganar mutanen Lugu. Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai ta yi rubutu a 2009 kan yadda anka manta da shugabancin mata shekara ɗari. Elara Bertho ta gwada takardun soja da tarihin baka da littafin Mamani. Abin da binciken ya nuna shi ne, ƙarfin Mangu na mai riƙon ƙasa ne wadda maza ke jin maganarta, kuma da wannan magana ta tara su ranar da wasu sunka watse. Bature ya raina irin wanga iko don bai san shi ba. Mulkin mallaka ya ɗora sarakunan kanto da masu gari maza, ya bar sarautun mata a gefe, har jikoki sunka taso suna zaton mace ba ta taɓa faɗa a ji ba a ƙasar Hausa.

'Yan uwa, hanyar da Bule ya bi ta ratsa garuruwa da yawa daga kogi har Tasawa, kuma kowane gari na da nasa labari. Na Lugu ya tsira don tsofaffi sun faɗa, wasu kuma sun rubuta. Muna roƙon dattawa su ba da abin da sunka ji daga iyaye da kakanni, har da sunayen matan da anka tafi da su ba su komo ba. Ku kuma na bariki, in kun zo gida da salla ko da kaka, ku zauna da su da takarda da alƙalami, ku aiko ma ƙungiya abin da kunka samu don a buga a nan.