Ladi Kwali: Maginiyar Tukwanen da Ake Rububin Saye a Turai

Duk wanda ya taɓa zuwa fatauci Najeriya, ko wani ɗan'uwa ya dawo masa da ragowar canji daga Kano ko Legas, ya san takardar naira 20. A gabanta hoton Janar Murtala Muhammad ne. In ka juya bayanta kuwa, za ka ga wata mata ta duƙufa a kan tukunya, an rubuta sunanta, Ladi Kwali. Mutane da yawa sun kashe wannan kuɗi ba su taɓa tambayar ko wace ce ba. To, ita ce matar da ta ɗauki tulun ruwa, irin wanda ake ajiyewa a lungun ɗaki, ta kai shi zaurukan baje koli na Landan. Har gobe masu tara kayan fasaha suna gwanjon aikinta da dubban fam na Ingila.

Tasowarta

An haife ta wajajen shekarar 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Yau garin yana cikin yankin babban birnin tarayyar Najeriya. Sunan Ladi kuwa namu ne na Hausa, na macen da aka haifa ran Lahadi, kamar yadda maƙwabtanmu Asante ke cewa Akosua. Ba ta shiga makarantar boko ba. Makarantarta ita ce gindin wata 'yar'uwar iyayenta, wadda ta koya mata ginin tukwane tun tana yarinya, don a ƙasar Gwari wannan sana'a ta mata ce, kamar dai yadda take a Pankrono nan bakin Kumasi.

Yadda ake ginin a can, babu inji ko guda. Maginiya za ta aza curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jan gefen sama, tana murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa. Tukunyar na zaune wuri ɗaya, ita ce ke zagaya ta. In jiki ya tashi, sai ta goge shi sumul, ta yi masa zane da wuƙa da ɗan itace mai haƙora ko murɗaɗɗen zare da ake mirginawa a kan ɗanyen yumɓu. Bayan ya bushe a tara itace da ciyawa a fili a gasa.

Mata da yawa sun iya wannan aiki, amma hannun Ladi daban ne. Tulunta yakan fito zagayayye cif, ka ce da ma'auni aka yi shi. Takan raba jikinsa gida-gida, a kowane gida ta zana wata halitta: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi ko tsuntsu. Sunanta ya bazu har ya kai fada, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tukwanenta a gidansa. A lura, Abujar da ake magana ita ce garin da yau ake kira Suleja. Sai bayan 1976, da aka tsai da shawarar gina sabon babban birni, sunan ya koma can.

Baturen da ya fara sauka a ƙasarmu

A gidan sarkin ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta a 1950. Wannan mutum ba baƙo ba ne a tarihin Ghana. A 1942 ya zo Gwalkwas ya kama aiki a masana'antar tukwane ta Alajo, ƙarƙashin Kwalejin Achimota a Ankara. Da aka rufe ta, ya koma Vume a bakin kogin Volta a 1945, ya kafa tasa, ya sha wahala da rashin lafiya, ya koma Ingila a 1948. Bayan shekara biyu gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi jami'in kula da harkar tukwane. Ya zagaya ƙasar, ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu, akwai itace da ruwa, ga kuma goyon bayan sarki. Nan ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950.

Maza aka fara ɗauka. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta koyi shafa ruwan ƙyalli wanda ke narkewa a wuta ya zama kamar gilashi, ta koyi gashi a tanderu. Ta yi faranti da kwano da kofi, tana kankare musu zanenta na gida. Bayanta wasu mata suka biyo, irin su Halima Audu, Asibi Ido, Lami Toto da Kande Ushafa.

Tulun da ya daina sanyaya ruwa

Nan ne gaɓar labarin, jama'a. Duk da ta ƙware a faifai, Ladi ba ta bar ginin hannu ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun cibiya mai jure wuta, a shafe shi da ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200.

Kun san dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi. Wutar fili ba ta toshe ƙofofin jikin yumɓu, don haka ruwa ke tsattsafowa waje kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Tulun da ya shiga tanderu kuwa ya zama kamar dutse, ko ɗigo ba ya fita. Ga shi da nauyi, ba macen da za ta ɗora shi a ka ta je rafi. Wato tulun ya rasa aikin da aka san tulu da shi, kuma a daidai nan ne kuɗinsa ya tashi. Ya zama abin kallo, a ɗora shi kan teburi a falo ko a sa shi cikin gilashi a gidan tarihi.

Ita kanta cibiyar haka ta same ta. Manufar farko ita ce a yi wa 'yan ƙasa kayan cin abinci a gida, a rage shigo da na waje. Amma uwargida a Kano ko Zariya ta fi son kwanon samira da tangaran, masu sauƙin kuɗi da rashin nauyi, waɗanda kuma ke shiga jeren ɗakin amarya. Masu sayen kayan Abuja akasari sai suka zama Turawa ma'aikata da baƙi da masu tara kayan fasaha a ƙetare.

Daga Landan zuwa Amurka

An baje kayan Abuja a zauren Berkeley da ke Landan a 1958, da 1959, da kuma 1962, kuma tulunan Ladi ne suka fi jan ido. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila, ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a makarantun fasaha, ta kuma leƙa Faransa da Jamus. Abin da ya riƙa ba masu kallo mamaki shi ne saurinta da natsuwarta. Mace ta tsaya da curin yumɓu, tana zagayawa, kafin a ankara ga ƙaton tulu ya miƙe, ba ma'auni ba inji. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da wani ɗan Ghana, Kofi Athey, wanda ya yi aiki da Baturen a Vume.

Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, Ladi kuwa tana nan daram tana aiki tana koyarwa. A 1974 wata matashiya 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta zauna gabanta ta koyi ginin hannu. Yau Odundo na cikin manyan magina tukwane na duniya, kayanta na cikin mafiya tsada a gidajen gwanjo.

Girmamawa ma ta biyo baya. Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta zauna a aji ba. A 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da Najeriya ke bai wa masana da masu fasaha, a 1981 aka ƙara mata da OON. An sauya wa cibiyar suna zuwa nata. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan mutuwar Cardew. A Abuja ta yau akwai titi mai sunanta, kuma a Maris na 2022 kamfanin Google ya sa hotonta a shafinsa na farko.

Me masu saye ke dubawa?

A Ingila, in lokacin zafi ya kama, daga Yuni zuwa Agusta, akan ci kasuwannin tukwane a filayen karkara, irin su Potfest. A Aberystwyth ta yankin Wales kuma akwai bikin magina na duniya duk bayan shekara biyu, kuma jami'ar garin na da aikin Ladi a ma'ajiyarta. Haka gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da na Smithsonian a Washington. Masu zuwa irin waɗannan taruka suna da wata ɗabi'a: in sun ɗauki kwano, kafin su yaba kyansa sai sun kifa shi sun duba gindi. Suna neman hatimi.

Kayan Abuja na ɗauke da hatimin cibiya, sunan garin da haruffan Larabci irin na ajaminmu, sannan kowane magini da nasa. Na Ladi haruffa biyu ne, LK. Kwano biyu za su fito daga tanderu ɗaya, mai LK ya ninka ɗayan kuɗi. Bayan hatimi sai a duba lafiyar kayan, ko ya tsage ko an yi masa ɗori. Sai a nemi tarihinsa, wane ne ya fara saye, a hannun wa ya zauna. Manyan tuluna na ginin hannu su ne kan gaba a farashi, kayan faifai na biye.

Sai dai akwai abin dubawa. Ladi ma'aikaciyar cibiyar gwamnati ce, kuma tsadar nan ta yanzu bayan ranta ta zo. Ribar tana shiga aljihun dillalai da magadan waɗanda suka saya da araha a wancan zamani. Da yawa daga cikin mafi kyawun aikinta suna ƙetare, ɗan Kwali ko ɗan Suleja sai ya nemi biza kafin ya gan su ido da ido.

Mu nan Kumasi ba mu rasa masu irin wannan hannu ba. Matan Pankrono sun daɗe suna gina tukunya da asanka, ana kuma sayar da kayan hannu a Cibiyar Al'adu, Jami'ar Kwame Nkrumah tana koyar da aikin yumɓu. Duk Yuli da Agusta baƙi na cika ƙasar nan, wasu don Panafest a Cape Coast da Elmina a shekarun da ake yin sa, wasu don Chale Wote a Ankara, kuma da kuɗin tsaraba a aljihunsu. Amma je ka Kejetia ka kifa tukunya ka duba gindinta, da wuya ka ga suna. Mai saye ba zai san wadda ta gina ba, balle ya dawo ya neme ta baɗi. Hatimi ɗan ƙaramin itace ne da za a sassaƙa a yini guda. Yaranmu na Zango masu yawo da waya suna iya ɗaukar hoton maginiya da aikinta, su rubuta sunanta da garinta da shekarar da ta yi shi, su kai wa mai saye tare da kayan. Randunan kakanninmu kuma da muka jingine a bayan ɗaki tun da firij da ruwan leda suka shigo, kafin a fasa su a zubar, a tambayi tsofaffi wace ce ta gina su kuma daga wane gari aka kawo su, a rubuta a ajiye.