Nana Asma'u 'yar Shehu, malamar da ta kai wa matan aure karatu har gida

A gidajen Hausawa na New Bell da kewayen Grand Hangar a Duwala akwai masu suna Asma'u da yawa. Wannan tarihin wata takwararsu ce ta Sakkwato.

An haifi Nana Asma'u a Degel a 1793, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da matarsa Maimuna. Tagwaye ne ita da Hassan. Mahaifiyarta ba ta yi nisan kwana ba, sai sauran matan Shehu suka rene ta. Tana 'yar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Jihadin nan ne ya kai tutar Shehu hannun Modibbo Adama, har aka samu lamidai a Garwa da Ngaundare.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello kuma wazirinsa. Giɗaɗon ne ya karɓi baƙuncin Hugh Clapperton, Baturen Sikotlan da ya isa Sakkwato a 1824. Ta haifa masa 'ya'ya maza shida.

Mace mai irin wannan gata tana iya zama cikin turaka ta huta. Ita kuwa ta dubi matan karkara da yaƙi ya ɗaiɗaita, waɗanda aure da reno suka hana su zuwa gaban malami. Sai ta kafa 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa, ta koya mata waƙoƙin addini, jajin ta koma ƙauye ta koyar. Larabci da Fillanci take rubutu da su, amma saboda waɗannan matan ta riƙa yi da Hausa, har ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fillanci. A ganina nan ne basirarta ta fi fitowa, domin waƙa ana haddace ta ana daka ko ana kaɗi, ba sai da allo ba.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Wazirci ya zauna a zuriyarta: ɗanta Abdulƙadir ya riƙe shi, jikanta Buhari shi ne waziri lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Takardunta kuwa sun kasance a hannun ɗan Buhari, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997.