Labarin Malam Dorugu

Ni mutumin Sabo ne ta Badun, unguwar nan da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Can aka haife ni, can kuma na fara jin tatsuniya a bakin kakata. Bara waccan, lokacin hutu, wani abokina ya roƙe ni in taya shi tattara tatsuniyoyin tsofaffin unguwarmu, wai mu buga su tare. Na yi wata guda cur ina bin gidajen 'yan goro da na dillalan shanu, ina zama gaban tsofaffi, da dare kuwa in kwana ina rubutu ina gyara. Da ɗan littafin ya fito na duba bango, na duba ciki, na juya baya, ban ga sunana ba, balle na tsofaffin. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ina cikin wannan hali na gamu da labarin wani malami da ya riga mu gidan gaskiya fiye da shekara ɗari, na ga ya kamata in ba 'yan'uwana, tun da ya ke duk aikin malanta mu ke koyo a nan.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Ubansa manomi ne, makaɗi kuma. Yana yaro mayaƙa suka faɗa wa garinsu, aka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. Nan wani Bature mutumin Jamus, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi wai shi Abbega. Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi cikin 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya ɗauki yaran biyu.

Tare da Barth suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu cikin Satumba 1853. Suka komo ta Kano zuwa Kukawa, sa'an nan suka ratsa Sahara har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa. Cikin Satumba 1855 sai ga su a birnin Landan. Watau yaron da bai wuce shekara goma sha shida ba ya ga abin da fatake da yawa ba su gani ba har tsufansu.

To, a Ingila akwai wani ɗan mishan, shi ma asalinsa Jamus, sunansa James Frederick Schön. Ya taɓa biyo Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya tsinci Hausa kaɗan, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843. Amma bai taɓa sa ƙafa Kano ko Katsina ba. Da ya ji labarin yaran nan sai ya ga abin nema ya samu. Barth ya riga ya shirya mayar da su gida, Schön ya shawo kansu suka zauna wurinsa, har abin ya jawo saɓani tsakanin Turawan biyu. Abbega ya komo a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna sai 1864.

Shekarun nan ba zaman banza ya yi ba. Ya koyi karatu da rubutun boko. Yana faɗa Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, da karin magana, da labarun ƙasar Hausa, da tarihin kansa tun daga Dambanas har ƙasar Turawa. Ya bayyana yadda aka kama shi, da wahalar hamada, da yadda Turawa ke zama cin abinci, duk cikin Hausa mai sauƙi irin ta Damagaram. Kada wani ya ɗauka aikin aku ya yi. Shi ya zaɓi abin da zai faɗa, shi ya jera shi, shi ya san inda zai sa dariya da inda zai sa tausayi. Wanda ya yi wannan, ai shi ne mawallafi, ko da alƙalamin yana hannun wani.

Daga wannan rijiya Schön ya yi ta ɗiba. Ya buga nahawun Hausa a 1862, ya buga ƙamus a 1876. A 1877 masanan Faransa suka ba shi kyautar Volney saboda aikinsa na Hausa, a 1884 Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. A 1885 ya fitar da Magana Hausa, inda tarihin Dorugu ya ke, wanda yana cikin rubutun zube na farko da aka yi da Hausar boko.

Nan wajibi ne in yi adalci. Schön ya sha wahala shekara da shekaru, kuma bai ɓoye Dorugu ba, ya ambace shi cikin littafin ya nuna cewa shi ya faɗi tarihinsa da bakinsa. Amma sunan da ke bango na Schön ne, kyauta tasa, digiri nasa. Ɗalibin da ya je ɗakin karatu da sunan Schön zai nemi littafin. Abin nan ne da Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan komowarsa Dorugu ya daɗe yana yi wa Turawa tafinta. Da tsufa ya zo, Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya ɗauke shi malami a makarantar da ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, yana koya wa yara boko. Ashe kakanmu ne a wannan sana'a. Nan ya rasu a 1912. Cikin kayan da ya bari an tarar da tabarau da yawa, da cokulan azurfa masu ɗauke da sunan Barth. Da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na yi shiru. Har cokalin da ya adana, sunan wani ke kai.

Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake buga tarihinsa da Turanci a Jami'ar Yale ta Amurka, suka gama shi da na Maimaina, jikan Abbega, suka sa shi a matsayinsa na mai labari. Shekara 86 ke nan bayan Magana Hausa, shekara 59 bayan an rufe shi. Gaskiya ta yi halinta, amma mai ita bai gani ba.

Wannan ya sa na daina cin rai a ɓoye. Na tafi na sami abokina, na gaya masa abin da ke zuciyata ba da faɗa ba, domin neman haƙƙi ba roƙo ba ne, ba kuwa girman kai ba. Na kuma gane ni ma da laifina, gama cikin takarduna ban rubuta sunan tsohuwa ko ɗaya ba. Na koma Sabo na bi su gida gida na rubuta, sai biyu da na tarar sun rasu, jikokinsu suka faɗa mini.

Saboda haka, 'yan'uwana, gobe in mun kama aji za mu aiki yara su samo mana tatsuniya da waƙa da tarihin gari. Mu sa su rubuta wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da sunan yaron da ya rubuto. In kuwa za mu yi aiki da aboki, mu yanke maganar suna tun ba a tsoma alƙalami ba. Layi ɗaya ne, ba ya cin takarda.