Kazimierz Nowak: Talakan Bature da ya ratsa Afirka a kan keke, ya zama shaida kan mulkin mallaka

A ranar 26 ga Nuwamba, 1931, wani mutum ɗan shekara 34 ya sauka daga jirgin ruwa a tashar Tarabulus ta ƙasar Libiya, yana janye da tsohon keke ƙirar Brennabor wanda ya riga ya yi shekara bakwai ana hawa. Sunansa Kazimierz Nowak, mutumin ƙasar Folan da ke tsakiyar Turai. Ba gwamnati ce ta aiko shi ba, ba mishan ba ne, ba kuma ɗan kasuwa ba. Magidanci ne da rashin aikin yi ya koro daga gida, ya ƙudura cewa zai tuƙa kekensa daga bakin Bahar Rum har ƙarshen nahiyar Afirka ta kudu, yana rubutu da ɗaukar hoto yana sayar wa jaridu, domin matarsa da 'ya'yansa biyu su samu abin sawa a baki.

Shekara biyar bayan haka ya kammala tafiyar da ta kai kimanin kilomita 40,000, zuwa da dawowa. Nisan kaɗai ya isa a tuna da shi. Amma abin da ya fi ba tarihinsa nauyi shi ne matsayin da talauci ya ajiye shi. Turawan zamaninsa sun san Afirka ne daga cikin mota, ko daga barandar gidan gwamnati, ko daga kan amuku da 'yan ƙasa ke ɗauke da shi a kafaɗa. Nowak ya san ta daga kan hanya, inda masu ɗaukan kayan suke takawa.

Ɗan ƙasar da ta ɗanɗana mamaya

An haifi Nowak ranar 11 ga Janairu, 1897, a garin Stryj, wanda a yau yake cikin ƙasar Yukiren. A lokacin babu wata ƙasa mai suna Folan a taswirar duniya, domin tun 1795 daulolin Rasha da Furushiya da Ostiriya suka raba ta a tsakaninsu. Mahaifarsa tana cikin kason Ostiriya. Sai a 1918, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Folan ta dawo da 'yancinta, bayan shekara 123 a hannun baƙi. Wato Nowak ya girma ya san yadda ake zama a ƙasar da wasu suka zana wa iyaka ba tare da sun tambayi masu ita ba.

Bayan yaƙin ya koma birnin Poznań, ya kama aikin ofis, ya auri matarsa Maria a 1922. Tattalin arziƙin sabuwar ƙasar bai tsaya da ƙafarsa ba, aikin kuma bai ɗore ba. A 1925 ya yanke shawarar neman abinci ta wata hanya: ya hau keke ya zaga ƙasashen Turai, yana aika wa jaridu labarai da hotuna. A 1928 ya taɓa leƙa Libiya, amma rashin lafiya da ƙarewar guzuri suka tilasta masa juyawa. Da karayar tattalin arziƙin duniya ta 1929 ta ƙara ƙuntata wa mutane, sai ya koma ga burinsa na Afirka. Ranar 4 ga Nuwamba, 1931, ya bar iyalinsa, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Roma, ya tuƙa keke zuwa Napoli, daga can ya haye teku.

Daga Tarabulus zuwa ƙarshen nahiya

Libiyar da ya tarar tana cikin makoki. Wata biyu da 'yan kwanaki kafin isowarsa, a ranar 16 ga Satumba, 1931, sojojin Italiya suka rataye Umar Mukhtar, dattijon da ya shafe kusan shekara ashirin yana jagorantar turjiya ga mamayarsu. Gwamnatin Mussolini ta kwashe al'ummomin yankin Barƙa da ke gabashin ƙasar ta tsare su a sansanoni inda dubbai suka mutu, ta kuma shimfiɗa waya mai ƙaya ta tsawon kilomita kusan 270 a iyakar Masar don toshe wa mayaƙan hanyar samun agaji.

Nowak ya nufi kudu cikin hamada, amma da ya kai zangon Marada sai hukumomin Italiya suka hana shi wucewa, suka umarce shi ya koma bakin teku. Ta Bangazi ya bi har Iskandariya a Masar, sannan ya juya kudu yana bin Kogin Nilu, ya shiga Sudan, ya gangara yankin manyan tafkuna, ya taɓa Ruwanda da gabashin Kwango da Beljiyam ke mulka, ya ratsa Rodeshiya, wato Zambiya da Zimbabwe na yau.

Tafiyar keke a irin waɗannan wurare rabinta tuƙi ne, rabinta turi. A cikin rairayi taya nutsewa take yi, dole mai keke ya sauka ya tura shi da duk kayan da ke kan kariya: tanti, ruwan sha, abinci, kyamara da kayan faci. A damina laka ke cika tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi motsi. Ƙaya tana huda taya sau da yawa a yini guda. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda ya riƙa kama shi yana saki har ƙarshen rayuwarsa. Kuɗinsa kuwa sai abin da jaridu da mujallun Folan da Jamus suka biya shi kan abin da ya aika ta gidan waya, kuma daga ciki ne iyalinsa suke ci. A watan Afrilun 1934, bayan kusan shekara biyu da rabi, ya isa tsinin Agulhas, inda ƙasar Afirka ta ƙare ta kudu.

Abin da mai keke ke gani

Mai keke ba ya iya wuce ƙauye a guje. Yana buƙatar ruwa, yana buƙatar a nuna masa hanya, yana buƙatar wurin kafa tanti kafin duhu. Saboda haka Nowak ya dogara da mutanen da ya ratsa ta cikinsu: Buzaye da Larabawan hamada, manoman bakin Nilu, Shilluk na Sudan, Tutsi na Ruwanda, mazauna dazuzzukan Kwango. Bature ne da ya zo ba da bindigar gwamnati ko takardar haraji ba, mai neman taimako maimakon mai ba da umarni, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

Wasiƙunsa da rahotanninsa sun nuna cewa kaɗaici ya fi damunsa idan ya shiga unguwannin Turawa. Jami'an mulki da sojoji da masu haƙar ma'adinai da mafarauta sun zo Afirka ne don su kwasa, shi kuwa ba shi da abin da ya haɗa shi da su sai launin fata. Ya soki yadda ake tatsar ƙarfin 'yan ƙasa da dukiyarsu, da yadda ake karkashe namun daji don nishaɗi da riba.

Ƙasashen da ya bi sun ba shi abin dubawa. A Katanga ta Kwango, kamfanin Union Minière yana haƙar tagulla da gumin ma'aikata baƙar fata, ribar tana tafiya Turai. A Afirka ta Kudu, dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, kimanin kashi bakwai cikin ɗari kacal na ƙasar. A yankin tsakiyar Afirka da Faransa ke mulka, an kammala layin dogon Kwango zuwa teku a 1934 da aikin tilas, bayan mutuwar ma'aikata aƙalla 17,000, da yawansu an kwaso su ne daga kudancin Chadi.

Irin wannan suka ba ta yi wa kowa daɗi a gida ba. Folan, wadda ba ta daɗe da fita daga mamaya ba, tana da masu ganin cewa ita ma ta cancanci kasonta a Afirka. A 1930 aka kafa wata babbar ƙungiya a ƙasar mai fafutukar harkokin teku da neman yankunan mallaka. Nowak bai samu tallafinta ba. Ya tafi ya dawo da guminsa da alƙalaminsa.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Nowak ɗan zamaninsa ne, kuma rubutunsa bai kuɓuta daga kalmomi da zato irin na Turawan wancan lokaci game da 'yan Afirka ba. Haka kuma farar fatarsa ita ce takardar izininsa mafi ƙarfi. Ya ƙetare iyakoki masu yawa a lokacin da baƙar fata a Afirka ta Kudu ba ya iya shiga gari a ƙasarsa ta haihuwa sai da takardar fas. Tsarin da ya soka shi ne ya buɗe masa hanyar da ya rufe wa masu ƙasa.

Ya ƙi tikitin jirgi

A Cape Town, Turawan Ingila da suka yi mamakin ƙwazonsa sun yi masa tayin tikitin jirgin ruwa mai daraja ta ɗaya zuwa Turai. Bai karɓa ba. Ya juya kan kekensa arewa, ya zaɓi sabuwar hanya ta yammacin nahiyar.

A hamadar Afirka ta Kudu maso Yamma, wato Namibiya ta yau, keken ya gaza. Wani ɗan ƙasarsu da ke zaune a can ya ba shi doki, ya ci gaba a kan sirdi har cikin Angola. Da ya isa kogunan Kwango sai ya koma kwalekwale, wanda ya raɗa wa suna Poznań I. Ruwa mai ƙarfi ya farfasa shi a kan duwatsu, ya taka ɗaruruwan kilomita a ƙasa, sannan ya samu wani kwalekwalen ya sa masa suna Maryś, sunan da yake kiran matarsa da shi. Da shi ya bi kogunan Lulua da Kasai da Kwango, ya isa Leopoldville, Kinshasa ta yau, a watan Satumbar 1935. Wata guda bayan haka Italiya ta afka wa Habasha.

Daga nan ya sake hawa keke ya nufi Tafkin Chadi. A can hukumomin Faransa suka ƙi barinsa ya shiga Sahara shi kaɗai a kan keke. Sai ya sayi raƙumi, ya ɗauki mai ja, ya haɗa ɗan ayarinsa. Wata biyar ya yi yana ratsa sahel da hamada, ta yankunan da a yau suke cikin Nijar da Aljeriya, ƙasar da ayarin fatake suka yi ƙarnoni suna bi tsakanin ƙasar Hausa da Barno da bakin Bahar Rum. A garin Wargala ya koma kan keke, ya ƙarasa birnin Aljiyas a watan Nuwambar 1936.

Komawa gida da ƙarshen rayuwa

Ya bar Afirka kamar yadda ya shigo ta, aljihu babu nauyi. A Faransa sai da ya riƙa sayar da hotunansa kafin ya haɗa kuɗin hanya. Ya isa Poznań ana saura kwana biyu Kirsimeti a 1936, ɗauke da hotuna fiye da 10,000. Ya gabatar da laccoci a Poznań da Krakow da Warsaw, yana nuna hotunan yana bayani, har ya fara shirin wata tafiyar zuwa Asiya.

Jikinsa bai ba shi dama ba. Zazzaɓin cizon sauro ya riga ya cinye ƙarfinsa, ciwon ƙafa kuma ya kai shi ga tiyata. Yana kwance a asibiti ciwon huhu ya kama shi. Ya mutu ranar 13 ga Oktoba, 1937, yana da shekara 40, bai cika shekara guda da dawowa ba. Kafin a yi shekara biyu da binne shi, a watan Satumbar 1939, Jamus da Tarayyar Sobiyet suka mamaye Folan suka sake raba ta. Ƙasar da wasu 'ya'yanta ke mafarkin mallakar ƙasar wasu ta koma ƙarƙashin mamaya, sunan Nowak kuma ya nutse cikin ƙurar yaƙi.

Fiye da shekara sittin aka yi kafin a sake jin ɗuriyarsa. A shekarar 2000 marubuci Łukasz Wierzbicki ya tattara rahotanninsa da ke warwatse a tsofaffin jaridu ya fitar da su a littafi guda. A 2006 Ryszard Kapuściński, fitaccen ɗan jaridar Folan da ya shafe shekaru yana aiko da rahotanni daga Afirka, ya ƙaddamar da allon tunawa da shi a tashar jirgin ƙasa ta Poznań, inda tafiyar ta faro. Daga 2009 kuma wasu matafiya 'yan ƙasar suka bi sawunsa a kan kekuna, rukuni bayan rukuni, kowanne yana miƙa wa na gaba. Hanyar da suka raba a tsakaninsu, shi kaɗai ya bi ta, da tsohon keke, da doki, da kwalekwale biyu, da raƙumi guda.