Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mutumin Da Ya Hana Yara Barci

Sau da yawa iyayenmu kan yi mana faɗa idan sun tarar da mu tsakar dare mun ƙura wa littafin labarin aljanu ko na ɓarayi ido. Sukan ce ƙarya ce muke ɓata lokaci a kanta. A gidanmu a Koki an taɓa ƙwace mini irin wannan littafi saura shafi huɗu in gama, na kwana ban san ko an kama mai laifin ba. Amma abin mamaki, wanda ya ƙwace ɗin da bakinsa ya gaya mini shi ma yana yaro an ƙwace masa Ruwan Bagaja. Saboda haka na ga ya kamata in ba da tarihin mutumin da ya fara jawo wannan rigima a ƙasar Hausa.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara cikin 1911. Kagara yanzu tana cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne alƙalin garin, don haka gidan malamai ya tashi, ya kuwa fara da karatun allo kamar kowane ɗan Musulmi. Wansa Malam Bello Kagara yana koyarwa a Katsina, can aka kai shi ya shiga makarantar boko. Ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1927, ya fita cikin 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Katsina.

A wannan zamani Hausawa suna da malamai masu rubuta waƙoƙin wa'azi da tarihi da fiƙihu, amma ba wanda ke zama ya ƙaga labari ya rubuta. Tatsuniya aikin tsofaffin mata ne da yara da dare. Malamin kirki ba ya yarda a gan shi da ita. To, cikin 1933 sai wani Bature, Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labarai da Hausa, ya sa gasa. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu, don da yawa suna ganin abin zubar da girma ne.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Ku duba da kyau. Ɗaya labarin ɓarayi ne, ɗaya na ramuwar gayya da sihiri, biyu cike suke da aljanu. Ashe tun ranar da aka haifi ƙagaggen labari na Hausa, da abin tsoro da abin al'ajabi aka haife shi. Imam kuwa shekararsa 22 kacal sa'ad da ya rubuta nasa.

Wanda bai karanta Ruwan Bagaja ba, ga kan labarin. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ba maganinsa sai ruwan Bagaja, aka yi masa dariya a fada. Alhaji Imam ya ji ciwon wannan wulaƙanci, ya fita neman ruwan da ba wanda ya san inda yake. A hanya ya yi ta karo da Malam Zurƙe, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama, har tafiya ta kai shi ƙasar aljanu. A ganina gwanintar littafin ba a aljanun take ba. Tana wajen Zurƙe. Duk garin da Alhaji ya sauka, mai karatu ya san Zurƙe na nan tafe, amma bai san ta wace kafa zai ɓullo ba, ko da wace irin kama. Wannan jira shi ke sa mutum ya kasa ajiye littafin, ga dariya ga faɗuwar gaba.

East ya ga yaron nan yana da baiwa, sai ya nemi a ba shi aronsa. Cikin 1936 Imam ya tafi Zariya, ya yi wajen wata shida, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A nan ne ya nuna ya san sirrin wannan sana'a sarai. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla makirci, yana so Musa ya fita don a hallaka shi. Ba mai tsare yaron sai wani aku, shi kuwa ba shi da takobi, ba shi da mashi, sai baki. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, aku ya ɗauko labari ya riƙe shi, har gari ya waye. Watau ran ɗan Sarki yana rataye ne a kan daɗin labari. In labari ya yi sanyi, Musa ya fita, shi ke nan. Mu da muke karantawa, abin da aku ya yi wa Musa shi Imam ya yi mana, mu ma sai mu ji an kira assalatu.

Akwai masu cewa ai labaran ba nasa ba ne. Gaskiya ne ya ɗebo da yawa daga Alfu Laila da littattafan Larabawa da na Indiya da tatsuniyoyin Turawa, shi ma bai ɓoye ba. East ya tara masa littattafai don wannan aiki. Amma wanda ya karanta labarin Kalala da Kalalatu, ko na Sahoro da Sahorama, ya faɗa mini inda ya ji ƙanshin baƙunci. Ya sa musu riga da hula, ya ba su fada da kasuwa da karin magana, har suka zama 'yan gari. Ɗinki ne, amma ba a ganin zare.

Cikin Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka naɗa Imam editanta na Hausa. Ya riƙe wannan aiki shekara 12. A shekarar da aka fara ta Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, mutane suka matsu su ji labari. Wanda ya iya karatu ya karanta a zaure, sauran su kewaye shi. Ina ganin da bai koyi riƙe mai sauraro a wajen Zurƙe da aku ba, da jaridar ba ta shiga jama'a haka ba. Wannan ra'ayina ne, amma iyayen da ke cewa labari ɓata lokaci ne su auna shi.

Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya tafi Ingila tare da waɗansu editocin Afirka ta Yamma, har da Dokta Nnamdi Azikiwe. Can ya sadu da Lugga, wanda ya ci ƙasar Hausa da yaƙi shekara 40 kafin nan, ya bayyana masa abubuwan da ke damun mutanen Arewa. Da ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga harkar siyasa, ya zauna a majalisa, sa'an nan ya daɗe yana aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya kuma rubuta littattafan addini, kamar tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyidina Abubakar.

Abin da ke ba ni haushi kaɗan shi ne, tun da ya shiga aikin jarida da na hukuma bai sake zama ya rubuta wani dogon labari irin na farko ba. Mutumin da ya yi Ruwan Bagaja yana da shekara 22, ya yi Magana Jari Ce yana da 25, me zai yi yana da 50? Ƙasa ta sami ma'aikaci, mu masu karatu muka yi hasara.

Ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa da rahama. Cikin 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara. Daga shekarun 1980 kuma matasan Kano suka shiga buga nasu littattafai, na soyayya da na yaƙi da na matsafa da aljanu, irin waɗanda ake ƙwace mana. Wanda aka ƙwace mini an mayar mini da shi bayan jarrabawa, tare da tsohon Ruwan Bagaja wanda bangonsa ya yage.